Tumatir Ba Kifi Ba Ne

Ni 'yar tudu ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. A wani ƙauye bayan Shanga aka haife ni, gidan manoma, inda ba ka ganin ruwa sai a rijiya ko a randa. Aure ne ya kai ni bakin tafki ta wajen Ngaski, gidan masunta, mutanen da ba su yarda akwai wata matsala a duniya da ruwa ba ya magancewa ba. Yaro ya yi zazzaɓi, a watsa masa ruwa. Jirgi ya tsage, a nutsar da shi ya kumbura. Mutum ya yi fushi, a ce ya je ya yi wanka ya dawo. Na yi shekaru ina haƙuri da wannan aƙida tasu, har ranin da maigidana ya shuka tumatir.

Ranin da ya biyo bayan yanke mu daga Sakkwato ke nan, lokacin da rediyo ke ta tuna mana cewa yanzu mu 'yan jihar Kebbi ne. Mu dai a bakin ruwa sabuwar jiha ba ta ƙara mana ko kan tarwaɗa ba. Kifi ya ja baya ƙwarai. Masu taru mai ƙananan idanu sun kwashe manya da 'ya'yansu, maigidana ya fita da asuba ya dawo da abin da ko miyar gida bai isa ba. Sai maza suka fara bin mota daga Yauri zuwa tafkin Chadi, inda ake cewa kifi na shiga jirgi da kansa.

Ni kuwa na san abin da Chadi ke yi wa gida, don a tsakar gidanmu na gani. Yayan maigida ya tafi tun kafin a kawo ni. Da farko ana aiko da busasshen kifi da atamfa, daga baya sai gaisuwa, daga nan ko gaisuwar ta ɗauke. Matarsa, facalata, ɗakinta na kallon nawa. Duk wanda ya dawo daga can sai ta yafa mayafi ta je yi masa barka da zuwa, ta zauna ta yi ta hira a kan hanya da tsadar mota, ta dawo ba ta yi tambayar da ta kai ta ba. Saboda haka ranar da maigida ya ce shi ma zai ɗaure tarunsa ya bi ayari, sai na tare shi da magana. Na roƙe shi ya gwada lambu. Ga fili nan a bakin ruwa ba mai taɓawa, ga ni na tashi a cikin lambun mahaifina. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya ce ya ba ni rani ɗaya. In lambu ya riƙe gida ya zauna, in bai riƙe ba kada in ƙara buɗe baki.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya yi aiki. Ya kafa jigon ɗiban ruwa, ya yi kwamin shuka, ya yi shinge da ƙaya saboda awaki. Ban ruwa kuwa ai ka kai shi gida ne, ba sai an tashe shi ba. Tumatir ya yi kyau har masu wucewa a jirgi suna rage tuƙi suna kallo. Na fara barci da daɗi, na ɗauka an gama mai wuya. Ashe ba a fara ba.

Ranar ɗibar farko, kafin in idar da sallar asuba har ya fita, don shi a iliminsa duk abin da za a kai kasuwa da duku-duku ake kama shi. Na iske shi a lambu ganye jiƙe da raɓa, yana fizgar tumatir kamar mai cire kifi daga taru, yana jefawa a kwandunan kifinsa, waɗanda ƙarni da yauƙi suka riga suka kama tun zamanin kakansa. Nunanne, fasasshe, wanda tsutsa ta huda, wanda tsuntsu ya tsattsaga, duk ciki. Da kwando ya cika sai ya ɗauka ya shiga tafki da shi har gwiwa, ya tsoma, ya girgiza, ya ɗago ruwa na tsiyaya.

Na ce, "Maigida, mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Wanke su nika yi. Ke ba ki ga ƙasa jikinsu ba?"

"Tumatir ba shi son ruwa in an cire shi. Kuma wanga fasasshe da kas sa, ka san wake guda shi ka ɓata gari."

Ya dube ni da irin kallon da yake yi mini in na kira sunan wani kifi ba daidai ba. Ya ce, "'Yar tudu, abin da Allah Ya ba ka ba a maida shi. Ke kin taɓa ganin masunci ya zubar da kamunai? Kuma abu duk mai rai, in an raba shi da uwatai ƙishirwa ka kashe shi. Ni da nib ba shi ruwa tun shina iri, yau za ki ce mani ba shi son ruwa?"

Na yi bayani, na ƙara bayani, na kawo sunan mahaifina. Ya ce mahaifina mutumin kirki ne, amma lambunsa da ruwan rijiya aka yi shi, kuma kasuwarsa tafiyar jaki ce. Shi wuni guda zai yi a kan ruwa cikin rana, ya kwana a Yauri, sai washegari a ci kasuwa. Ya jera kwanduna a cikin cikin jirgi, daidai inda ruwa ke taruwa, ya jiƙa buhunan algarara ya lulluɓe su ruf, yadda yake yi wa kifi don kada ido ya faɗa. Ya ɗora ƙwaryar kwarfar ruwa a kusa da shi. Na san duk inda rana ta yi zafi zai ƙara musu, kuma haka aka yi.

Warinsa ya riga shi shigowa gida. Abin da ya dawo da shi ban san sunan da zan ba shi ba. Na sama da sauran kamanni, sai dai baƙaƙen tabo zagaye-zagaye da suka lotsa. Na tsakiya hunhuna ta rufe shi, fari tas kamar an barbaɗa auduga, wani wuri toka-toka. Na ƙasa kuwa ya narke, ruwa mai tsami na ɗiga ta gindin kwando, ƙuda na biye. Dillalin da ke saye yana loda wa motocin kudu ya zura hannu ya zaro, ya je ya wanke, bai ko yi tayi ba. Ɗan abin da ya sayu masu tuwo-tuwo ne suka tsinta.

Na ɗauka jiki magayi ne. Na kawo masa ruwa, na kawo tuwo, na zauna ina jiran ya ce 'yar tudu kin yi gaskiya. Ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya yi gyatsa, sannan ya ce ya gano inda aka yi kuskure.

"Ruwa na yay yi kaɗan. Buhun nan ba shi riƙon laima. Wani karon ɗanyar ciyawa za ni shimfiɗa ƙasa da bisa."

Wallahi da ba don ina ganin girman aure ba, da ƙwaryar tuwon nan na kifa masa a ka.

Inna, mahaifiyarsa, tata fassarar daban ce. Ita ta ce baki ne. Mutane sun yi ta yaba lambu ba su ce tubarkalla ba, me ake jira? Ta samo turare ta zagaye shinge da shi, ta ce daga yau duk wanda ya tambayi lambu a ce masa da sauƙi, kamar marar lafiya. Na ƙyale ta, don tsohuwa ce mai sona, tun da aka kawo ni ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ita ma a cikin jirgi aka yanke mata cibiya.

Ana cikin haka wani malamin gona ya biyo ta ƙauyenmu a kan babur, ya ga tsibin ruɓaɓɓen tumatir da maigida ya juye a gindin shingen lambu, ya tsaya. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce hunhunar nan abu ne mai rai, tana da iri wanda ya fi garin toka laushi, iska na ɗaukarsa, yana maƙalewa a tsohon kwando ya jira sabon kaya. Ta rauni take shiga, inda farce ya karta ko inda aka danne, kuma ba abin da take so kamar laima da zafi. Ya ce a binne tsibin nan nesa, a ware fasasshe, kada a jiƙa. Abin da na faɗa ke nan, sai dai shi da hula da agogo. Maigida ya yi ta cewa na'am, na'am, ya raka shi har bakin hanya, ya ba shi kifi guda. Da ya dawo na ce, "To, ka ji." Ya ce, "Na ji. Kin tambaye shi mutumin ina na? Daga Koko yat taso. Shi ma ɗan tudu na, bakinku guda."

Tsibin ni na kwashe shi da kaina, na haƙa rami a bayan gari na binne, ina yi ina ƙunƙuni.

Ɗiba ta biyu ba sai na tsawaita ba. An shimfiɗa ɗanyar ciyawar bakin ruwa ƙasa da bisa kamar yadda ya yi alkawari, an tsoma, an yayyafa, Inna ta yi addu'a. Wannan karon tun kafin ya isa Yauri kwanduna suka ɗau zafi da kansu, in ka sa hannu kamar ɗakin mai jego. Dillali ya hango shi daga nesa ya ɗaga masa hannu, ya ce ya wuce da kununsa gaba. 'Yan kasuwa suka sa masa mai kunun tumatir. Wannan sunan ya fi asarar ci masa rai. Ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna a gindin bango yana kallon tarunsa da ke rataye. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ni dai duk abin da na iya tserarwa daga lambu a tsakanin nan, na yanka na shanya ya zama kauɗa. Facalata ce ke taya ni. Muna yanka muna korar kaji, ba ta cika magana ba.

Lambu ya fara tsufa, ganyen ƙasa ya yi ja, saura ɗiba ɗaya mai kauri, bayanta sai tsince-tsince. Sai ga labari cewa ranar kasuwar Yauri mai zuwa mota za ta tashi zuwa Chadi, abokansa na ciki. Da la'asar na gan shi ya sauko da taru ya shimfiɗa a tsakar gida yana ɗinke inda ya yage. Sai da ya naɗe ya ɗaure na tsaya a kansa.

"Maigida, ka ba ni wagga ɗiba. Ka yi biyu da hannunka, ka bar mani guda. Kai dai tuƙi za ka yi, kuma da ni za a tahi."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɗauki. In ya bushe ya zan kauɗa cikin jirgi, ba hannuna."

"Kuma ba ka taɓa mani kwando."

"Na ce ɗauki."

Abu na farko, na hana ban ruwa ana gobe ɗiba. Sai da muka yi kamar za mu daku, yana zagaya jigo kamar wanda aka hana ganin ɗansa. Na kwaso kwandunan nan na kankare su da toka da yashi, na shanya a rana har suka yi ƙaraurau, sannan na kifa su a kan bandarsa ta kifi na hura wuta hayaƙi ya ratsa su. Ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi bandar kwando ba kifi a ciki ba, amma ai 'yan tudu ba abin da ba su iyawa. Na aika aka samo mini busasshiyar harawar shinkafa na shimfiɗa a ciki.

Ranar ɗiba ya tashe ni da asuba, na ce ban shirya ba. Na share gida, na dama kunu, na yi wa yara wanka, yana ta leƙowa yana cewa rana na yi. Ita nake jira. Sai da ganye ya bushe sarai muka shiga ni da facalata. Muka tsinki wanda ya fara ja bai gama nuna ba, a hankali, muna ajiyewa ba jifa. Muka zube a inuwar rumfa a kan tabarma muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Duk mai tsaga, mai huda, mai tabo ko da ƙanƙane ne, gefe. Tsibin gefe na girma, ran maigida na ɓaci. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Wanga mi yay yi? Ɗan ƙwarzane na kaɗai."

"Ta nan taka shiga. Aje shi, kauɗa za shi zama."

"Rabin lambu kin ka zubar!"

"Kai duka kaz zubar, har sau biyu."

Facalata ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi kuwa ya ajiye ya fita, muna jin tsakinsa har bakin ruwa. Ban cika kwandunan har baki ba, don kada na sama ya danne na ƙasa. Na jera su a inuwa inda iska ke bi, na bar su a buɗe. Na duba, na ƙara dubawa, raina ya kwanta, na shiga ɗaki sallar azahar.

Ina sallamewa na ji wani fat, fat, fat a waje. Na leƙo. Inna ce tsaye a kan kwanduna da ƙwaryar ruwa a hannu ɗaya, guntuwar tsintsiya a ɗaya, tana tsomawa tana yayyafawa a natse, bakinta na motsi da addu'a. Ta gama da kwando biyu tana kan na uku.

Ban san lokacin da na ce "Inna!" ba. Ta waiwayo da fara'arta.

"Ɗiyata, na ga kin gaji kin manta. Tun ɗazu suna nan ba ko ɗigo, abin tausai. Shiga ki huta, ni ƙarasa maki."

Me za ka ce? Suruka ce, kuma taimako ta zo yi. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu, na ce ta huta, Allah Ya saka da alheri, na iya sauran. Ta tafi tana cewa yaran yanzu ba su son a taya su. Ni da facalata muka juye kwandunan nan, muka canja harawa, muka bi kowane tumatir muna gogewa da busasshen zane, muka baza su sha iska. Har la'asar sakaliya muna abu ɗaya. Na ɗaura wa kwandunan da aka jiƙa tsumma don in gane su. Daga nan facalata ta ɗauko tabarma ta zauna a gabansu tana saƙa, duk wanda ya doso da abu mai kama da ƙwarya sai ta tambaye shi ina za shi.

Washegari na sa aka gitta katako a cikin jirgi, kwanduna suka hau sama ba su taɓa ruwan ciki ba. Na kafa musu 'yar rumfa da zana. Masunta suka taru a gaɓa suna kallo, wani ya tambaya ko amarya za a kai. Ina shiga jirgi na ga ƙunshin taru da jakar kayansa a cushe a ƙarƙashin goshin jirgi, an rufa musu buhu. Na gane in kaya suka lalace daga kasuwa zai wuce tasha, ni kuma in biyo jirgin maƙwabta in dawo ni kaɗai.

Mun yi nisa kafin rana ta take. Da ta take kuwa, tafki ya zama kamar faranti, ba iska, ba inuwa. Yana tuƙi, in ruwa ya taru a ƙasan jirgi ya ajiye filafili ya ɗauki ƙwarya ya kwarfe. Ina lura da shi. Duk kwarfar da zai yi sai idonsa ya je kan kwanduna. Shekara da shekaru hannun nan ya saba, in rana ta yi haka ya ɗebo ya watsa a kan kaya, ba sai ya yi tunani ba. Ya ce, "Dibi yadda sunka yi shiru." Na ce tumatir dama ba ya magana. Ya ƙara tuƙi kaɗan. Ya ce, "Ko ɗan kaɗan, bisa zana kaɗai." Na ce a'a.

Can sai na ga ya miƙa hannu waje, ya cika ƙwarya da ruwan tafki, ya ɗago ta, ya juyo wajen kwanduna. Ban yi tsammanin ya san ya yi ba.

Duk bayanin hunhuna da iri da rauni ya fice mini daga ka. Na ce, "Zuba. Zuba, in mun isa ka hau mota. Kana ce tumatiri nika yi ma wanga hwaɗa? Ɗakin facalata nika kallo kullum sahe. Ba ni son in zan mai zuwa yi ma mutane barka da zuwa."

Ban taɓa faɗa masa haka ba. Ya tsaya da ƙwarya a sama, ruwa na zuba ta gefenta yana bin hannunsa har gwiwar hannu. Ya dubi kwanduna, ya dube ni. Sai ya cire hula ya juye ruwan nan duka a kansa. Ya share fuska, ya mayar da hula, ya ɗauki filafili.

"Zahi nika ji, ke kuma. Mutum ba shi jiƙa kainai sai an yi mai wa'azi?"

Kafin mu isa Yauri ya jiƙa kansa ya fi a ƙirga. Ya sauka jirgi sharkaf kamar wanda ya faɗa ruwa, kwanduna kuwa ko ɗigo.

Muka kwana a gidan wata 'yar'uwarsa a Yelwar Yauri, kaya a rumfa a buɗe. Da safe dillali ya hango mu ya fara murmushi, ya ce mai kunu an dawo? Mutumin ya naɗe hannun riga yana yamutsa fuska tun kafin ya taɓa, ya zura hannu har ƙasan kwando, ya ɗan tsaya, ya zaro. Hannu a bushe. Ya sa aka juye kwando ɗaya a kan buhu, tumatir ya gangaro jawur, da tauri, yana ƙyalli. A cikin masu tsumma ne aka tsinci 'yan kaɗan da suka fara tabo, aka ware. Ya saye duka, har yana tambaya ko akwai saura a gida. Sannan ya ce, "To, yau mi ya hwaru?"

Maigidana ya gyara tsayuwa, ya gyara hula, ya ce, "Ai na gano shi. Abin ga ba shi son ruwa in an cire shi. Tumatir ba kihi ba na. Mutane ba su sani ba."

Ina tsaye a bayansa. Har ya ƙara da cewa shi bandar kwando yake yi, dillali na gyaɗa kai yana cewa lallai masunta akwai basira. Na cije leɓe har na ji gishiri.

Haushin bai daɗe ba, don muna komawa bakin ruwa ya sunkuya ya jawo ƙunshin nan daga goshin jirgi ya saɓa a kafaɗa. Ya ce in jira shi, ya nufi tasha. Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba. Na zauna a cikin jirgi tsakanin kwanduna wofi, ina kallon hanyar da ya bi. Masu tallar fura suka zo suka wuce. Na ji ƙarar mota ta tashi daga wajen tasha. Sai can na hango shi yana tahowa a hankali, ƙunshi a kafaɗa. Ya jefa shi cikin jirgi ya kwance igiya.

"Mota ta cika," ya ce.

Motar Chadi ba ta taɓa cika ba, ko a kan rufi ana ɗora mutum.

Da muka iso gida washegari, facalata na tsaye a gaɓa da mayafinta. Ta dube mu mu biyu, ta yi mana sannu, ta kama bakin jirgi na sauka. Sannan ta matsa kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"An ba su?"

"An ba su. Na ce hannu da hannu, in sun gane shi."

A nan na gane abin da ya kai shi tasha. Kauɗar da muka yanka tare, ta ƙulle tata a tsumma ta cusa a cikin tarunsa, da nufin ya kai wa mijinta, don can an ce miya ba tumatir. Ƙullin nan ne ya je ya ba abokansa masu tafiya. Ta san in ƙaninsa ya tafi da kansa dole ya nemo shi, ya dube shi ido da ido. Duk da haka ita ce ta wuni tana goge tumatir ɗaya bayan ɗaya, ta zauna gadin kwanduna, don kada ya tafi.

Maigidana bai je Chadi ba, a ranin nan ko bayansa. Har ya tsufa yana koya wa masunta cewa tumatir ba kifi ba ne, yana faɗin yadda ya gano, ni kuma ina daga ɗaki ina tsaki. Tarun nan da aka ɗinke don tafiya, a kan shanyar kauɗa ya ƙare, muna rufawa saboda kaji. Ni da facalata muke ɗaga shi kowace safiya, ita gefe ɗaya ni gefe ɗaya. Amsar ƙullinta ba ta taɓa zuwa ba, kuma kowane rani sai ta ware wani.